Kada Ku Manta da Faifai

Kalma ɗaya ce ta fitar da mahaifina daga gida bayan ya shekara biyu bai wuce masallacin ƙofarmu ba, kuma kalmar ma ba daidai ya ji ta ba. Na san bai ji daidai ba, na kama bakina. Har yau in na tuna sai in yi dariya, in biyo ta da istigfari.

Baba tela ne, Bazazzagi, ya zo Lome tun yana saurayi. A tsohon Zongo, can cikin gari, shagonsa yana bakin hanya, kuma ban taɓa ganin bencin ƙofar shagon babu mutum a kai ba. Mai kawo ɗinki ya zauna, wanda bai kawo ko maɓalli ba shi ma ya zauna. Baba yana taka keke yana zuba, ya tsokani wannan, ya yanke hukunci a gardamar da ba a sa shi ba. Sai aka ta da Zongo. Aka ce za a yi manyan gine-gine a wurin, aka kwashe mu zuwa arewa, bayan gari, inda a lokacin daga ciyawa sai sauro. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ba a tambayar dalili, ko a ɗakinka kake sai ka rage murya. Mutane suka haɗiye, suka yi gini, suka saba. Ni ma na saba, don ina aikin akawu a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, kullum in hau babur in je in shaƙi iskar teku in dawo. Baba ne ya ƙi sabawa. Ya lulluɓe kekensa da tsohon zanen Inna, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna.

Ba ciwo yake yi ba. Yana cin abinci, yana salla, in ka gaishe shi ya amsa. Amma mutumin da muka sani babu shi. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Wata rana na dawo na tarar da shi inda na bar shi da safe, ƙuda na yawo a ƙafarsa bai ko kora ba, raina ya ɓaci, na ce, "Baba, gida fa aka rushe, ba kai ba." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Gaskiyar magana tsoro nake ji, kada wata safiya mu wayi gari zaman nan ya tafi mana da shi.

Yana da amini guda, Bakano, wanda muke kira Kawu. Duk wanda ya san Bakano da Bazazzagi ya san ba sa gaisawa sai da tsiya. Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "bawana", shi kuma yana furta "Bazazzagi" kamar sunan wata cuta. A tsohon Zongo, kowace Lahadi bayan la'asar Kawu zai zo shago da garmaho, irin wanda ake wanawa da hannu, Baba kuma ya fito da akwatin fayafayansa na goge da kalangu. Ɗaya na da inji ba faifai, ɗaya na da faifai ba inji, kowa na cewa ɗan'uwansa ne matsiyacin. Bayan ƙaura Kawu ya zo duba shi sau uku. A na ukun na raka shi bakin titi, ya tsaya yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Akawu, ubanka ya ce mini 'sannu da zuwa, Alhaji.' Shekara arba'in bai taɓa ganin girmana ba sai yau. Abin nan ya yi nisa."

Kawu direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani Bature injiniya, a wurinsa kuma ya ɗauko wasan da zan ba da labari. Baturen yana da wasu fayafayan roba masu lanƙwasasshen baki, kamar murfin bokiti, yana jifa da su a bakin teku suna shawagi. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Kawu guda shida, ya kuma bayyana masa yadda ake gasa da su a can. Daga baya Kawu ya ajiye tuƙi, ya sayi gona gaba da sabon Zongo, tafiyar rabin awa a mota sannan ka sauka ka taka. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu neman abinci, sai shi da awaki da kaji da mangwaro da kwakwar manja. A nan ya shirya filin wasansa.

Turaku tara ya kakkafa a cikin gonar. Kowane turke ya yanko gindin ganga ya sa masa a tsakiya kamar kwando, daga sama kuma ya rataya sarƙoƙin tsohuwar babbar mota. Za ka tsaya inda ya binne taya, ka jefa faifai, ka bi shi, inda ya faɗi nan za ka sake jifa, har ya bugi sarƙa ya faɗa cikin ganga. Kowace jifa ka sa tsakuwa ɗaya a aljihu. In an gama turke na tara kowa ya zazzage aljihunsa, mai ƙarancin tsakuwa shi ya ci. Ba ya karɓar komai a hannun kowa, amma gonarsa ce, dokarsa ce. Ba a tsinkar mangwaro sai wanda ya faɗo. Ba a barin ƙofar shinge a buɗe. In lokacin salla ya yi, ko faifanka na sama ka bar shi ya sauka shi kaɗai. Wanda ya yi ashar kuma ya ƙara tsakuwa biyu, wannan dokar ita ta fi cika mini aljihu.

Na so wurin nan ba kaɗan ba. Duk Lahadin da hukuma ba ta tara mu yin tafi da rawar tarbar manyan baƙi ba, ina can, wata ran da abokaina muna surutu rabi Hausa rabi Faransanci, wata ran ni da Kawu kaɗai. Turke na uku yana bayan wata tsohuwar kuka, sai ka karkata faifai ya zagaya ta. Na biyar sai ka ratsa tsakanin kwakwa biyu. Na bakwai yana gefen rafi, inda maƙwabtansa manoma 'yan ƙabilar Ewe ke wucewa da rogo a ka, su tsaya suna kallon ƙattin Zongo suna bin murfin bokiti. Babu shugaban ofis, babu wanda za ka tafa wa dole. Ga kuma ƙarar sarƙar nan, cas, in faifai ya shiga, wadda ko sau ɗari ka ji ta sai ta faranta maka rai. Amma a gida ban taɓa faɗin abin da nake yi ba. Wane akawu mai ɗaura nektai ne zai ce wa iyayensa yana zuwa ƙauye jifa da roba? Cewa nake ina taya Kawu aikin gona. Har na aro fayafayai biyu na ɓoye ƙarƙashin katifa, ina gwaji a bayan unguwa in ba kowa.

Wata Alhamis na dawo aiki gab da magariba, na tarar da abin da ban gani ba tun ƙaura. Baba yana zaune da akwatin fayafayansa a buɗe, yana ɗauko su ɗaya-ɗaya yana hurewa, yana gogewa da ƙyalle. Inna ta tare ni a bakin madafa.

"Kawunku ya aiko direban bashe," in ji ta. Bashe ita ce motar nan mai rumfar tamfol da ke jigilar ƙauyuka. "Ya ce ranar Lahadi ku je kai da Malam, kuma kada ku manta da faifai. Bawan Allah, tun da matarsa ta rasu ko abin rufe tuwo ba shi da shi. Na ware masa biyu cikin na ɗakina."

Sai Baba ya ce daga kan tabarma, bai ko ɗago ba, "Ke dai da tuwo. Garmaho ya gyara, ya duba ya ga ba shi da abin ɗorawa."

Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon wannan har na manta. Na tsaya da makullin babur a hannu. Ni kaɗai na san faifan da Kawu yake nufi, suna nan biyu ƙarƙashin katifata. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yadda yake bin bakin faifan da babban yatsa a hankali. Na rufe bakina, na tafi alwala.

Ranar Lahadi muka hau bashe da faifai iri uku. Baba ya sa babbar riga, akwatinsa a kan cinya, ya rungume shi da hannu biyu saboda gargada. Ni ina riƙe da ƙunshin Inna, fayafayan kaba biyu masu ado da jan zare, da kom, wato dafaffen ƙullin masara, da soyayyen kifi. Na roba kuwa na soke su a bayan wando ƙarƙashin riga, zufa na bi ta kansu. A hanya Baba ya ƙura wa wani fasinja ido, can ya sunkuyo ya raɗa mini, "Wanda ya ɗinka wa mutumin nan riga, Allah ya isa." Na ji daɗi har cikin raina, amma na san abin da ke gaba.

Muka sauka muka taka. Kawu yana gindin mangwaro, ya miƙe ya ce, "Lale, lale. Ina faifan?"

Baba ya miƙa akwati. Ni na miƙa ƙunshin Inna. Sannan, da yake ba yadda zan yi, na sa hannu a baya na zaro na roba.

Baba ya dubi robar, ya dubi Kawu, ya ce, "Ina garmahon, Alhaji?"

Kawu ya nuna rumfa da baki. Garmahon yana can kuwa, murfinsa a buɗe, an cire masa ciki, kaza tana kwance a kan ƙwai. Ya ce, "Ƙarfen da ake wanawa ya tsinke tun bara waccan. Faifan jifa nake nufi, wanda ɗanka ya ara." Ya nuna turke na farko da sarƙoƙinsa, ya fara bayani.

Baba bai saurare shi ba. Ni ya juyo ya kalla. "Ka sani?"

"Na sani, Baba."

Bai yi faɗa ba, shi ya fi ƙona ni. Ya karɓi akwatinsa ya ce, "Mu koma." Kawu ya ce bashe ba ta biyowa sai la'asar. Baba ya je ya zauna a kan wani kututture, ya ba mu baya, akwati a cinya. Na ce a raina shi ke nan, na kashe maciji ban sare kansa ba ma ya fi wannan, na fito da mutum da ƙarya, daga yau ko gobara na ce ana yi ba zai tashi ba.

Kawu ya taɓa ni ya ce, "Ɗauki faifanka, mu fara." Ban so ba, amma na ɗauka. Jifar farko ta faɗa cikin rogo. Ta biyu ta bugi itace ta dawo kusan ƙafata, ashar ta kuɓuce mini, na ƙara tsakuwa biyu. Sai Kawu ya ɗaga murya yadda har awaki sai da suka waiwayo.

"Ba laifinka ba ne, Akawu, gado ne. Bazazzagi ko lomar tuwo aka ce ya jefa bakinsa, a kunne za ta sauka."

Baba bai juyo ba. Muka wuce turke na biyu, wanda yake kusa da kututturen da Baba ke zaune. Taku huɗu ya rage tsakanina da sarƙa, na jefa, na kuskure. Na sake, na kuskure. Kawu ya ce ai ya ji labari a Zariya in za a jefi kare sai an ɗaure shi tukuna. Na ga kafaɗar Baba ta motsa.

"Da dukkan hannu kake jifa kamar mai korar kaji," in ji Baba, har yanzu bai juyo ba. "Wuyan hannu ake saki."

Haushi ya sa na manta da ladabi, na ce, "Baba, ai ba ka taɓa yi ba."

Nan ya juyo. "Ni? Damina bakwai na yi ina tsaron tsuntsu a gonar dawa, da tsingaro nake sauko da su. Lokacin ko labarinka babu."

Kawu ya miƙa masa faifan roba. Baba ya ce shi ba ya taɓa robar Nasara. Ya ajiye akwati a ƙasa, karo na farko tun da muka baro gida, ya kwance ƙunshin Inna ya zaro faifan kaba ɗaya. Ya naɗe hannayen babbar riga a kafaɗa, ya gwada nauyinsa, ya karkace, ya sake shi.

Wallahi ya tashi. Ban taɓa zaton faifan rufe tuwo zai yi shawagi haka ba, yana juyawa jan zaren na walƙiya. Sai iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, ya wuce turke, ya ƙetare shinge, ya sauka a tsakiyar awaki. Kafin ka ce kwabo bunsuru ya cafke shi. Kawu ya kwasa a guje yana ihu, tsoho mai tumbi, bunsuru ya zagaya da shi turken awaki sau biyu, hularsa ta faɗi, takalmi ɗaya ya fita. Da ya kama faifan suka shiga ja, shi ja, bunsuru ja.

Sai na ji wata ƙara a bayana da na kusa mantawa. Baba ne yake dariya, ya dafa gwiwoyi, hawaye na zuba.

"Kai, bawana! Sakar masa mana, ɗan'uwanka ne! Ku Kanawa ba kwa ganin abu a ƙasa ku ƙyale!"

Kawu ya tsaya cak da rabin faifai a hannu. Ya dube ni ya ce, "Akawu, ka ji? Ka ji abin da matsiyacin nan ya kira ni?" Na ji. Na juya na yi kamar ina neman faifaina a cikin ciyawa, don ni ma idona ya kawo ruwa.

Ranar mun zagaya turaku tara duka. Baba ya karɓi robar Nasara, wai don kada a ƙarar wa Inna da kayan ɗaki. Wuyan hannunsa na nan kamar yadda ya faɗa, saitin ne ya tafi tare da ƙuruciya. Ya jefa cikin kogon kuka, ya jefa cikin rafi har wani manomi ya tsamo mana, suka gaisa da yaren Mina kamar sun daɗe da sanin juna. Azahar ta same mu a turke na shida, muka yi salla a inuwar mangwaro, Baba ya ja mu, sannan muka ci kom da kifi da yaji, su biyun suna gardamar wanda ya fara zuwa Lome. Aljihun rigarsa ya cika da tsakuwa har ya rinjaye ta gefe guda. A turke na tara, daga taku goma, faifansa ya shiga. Cas. Ya tsaya yana saurare har sarƙar ta daina motsi, sannan ya ce mini, "Ɗauko." Sau uku ya sake jifar, ba don lissafi ba.

Da aka zazzage aljihu, tsakuwar Baba ta kusa ninka ta Kawu. Ya ce to shi ya ci. Aka ce mai kaɗan ke ci. Ya ce a ina aka taɓa jin mai kaɗan ya fi mai yawa, wannan lissafin Bakano ne in zai sayi kayanka, Lahadi mai zuwa zai zo ya gyara dokar. Akwatin fayafayansa kuma ya tura wa Kawu da ƙafa ya ce, "Ajiye. In kazarka ta ƙyanƙyashe mu kai injin wurin mai gyara."

Da za mu tafi na ja Kawu gefe na ce ya yafe mini, da na yi bayani tun Alhamis da ba a yi wannan rikicin ba. Ya harare ni. "Ka ɗauka robata biyu ce ta dame ni har in aika direba? Shekara arba'in ina tsokanar mutumin nan, ban san abin da kunnensa zai ji ba?" Na ce to na Inna fa? Ya ɗaga wanda ya tsira ya ce, "Wannan riba ce. Da ma ba ni da abin rufe tuwo."

A gida Inna ta ji bunsuru ya cinye faifanta, wanda tun na aurenta ne, ta ja numfashi za ta fara. Sai ta ga Baba a tsaye a tsakar gida yana kwaikwayon gudun Kawu, riga a kafaɗa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta saki numfashin ta ce mini, "Akwai sauran huɗu a ɗaki. In ya ga dama ya ciyar da awakin Kano kaf."

Ni dai bai ce mini uffan ba, ba a mota ba, ba a gida ba. Na kwana da sanin cewa ya yafe wa bunsuru bai yafe mini ba.

Washegari ina tura babur zan fita, na ji ƙarar keke. Zanen Inna yana ninke a kan tabarma. Baba yana zaune a bayan kekensa a ƙofar ɗaki, gwangwanin mai a gefe, yana haɗa wasu guntayen atamfa. Ya ce, "Zo in gwada ƙugunka." Na matsa, ya zagaya ni da igiyar awo. 'Yar jaka ce mai maɗauri.

"Ta tsakuwa ce," in ji shi. "Uku zan yi. Taka zan yi ta babba, tunda bakinka ba ya rabo da ashar." Ya ciji zare ya tofar. "In an ce ka yi magana ka yi shiru, in an ce ka yi shiru ka yi ashar. Tafi, maƙaryacin banza, kada ka makara. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Na fitar da babur ƙofar gida, amma ban tayar ba, na zauna a kai ina jin keken yana tafiya yana tsayawa, yana tafiya. Ranar na makara, shugaban ofis ya yi ta faɗa da Faransanci, ni kuwa ina ta ce masa i.